Yadda Ake Zaɓen Imalshan Mai Jure Tawadar Ruwa da ta Discaj a Legas

A sana'ar buga zane a riga ta hanyar raga, imalshan shi ne abin da ake shafa wa ragar, ya taurare idan ya sha haske, ya bar wurin zanen kaɗai a buɗe don tawada ta wuce. Ragar da ta buga riguna ɗaruruwa da filastisol, wato tawadar roba mai kauri, ba ta yi ko gezau ba, sai ka ga ta saki tun kafin a kai riga ta hamsin idan aka zuba mata tawadar ruwa. Dalilin yana cikin kayan da aka yi imalshan ɗin da su. Ginshiƙinsa wani sinadari ne da ake kira PVA, wanda yake narkewa a ruwa. Shi ya sa ake wanke zanen ya fita da ruwa zalla bayan an haska. Hasken UV ne yake ɗaure ƙwayoyinsa da juna har su daina narkewa, kuma duk wurin da hasken bai gama ɗaurewa ba, ruwa zai koma ya same shi. Filastisol ba ruwa a cikinsa, don haka yana rufa wa raga mai rauni asiri. Tawadar ruwa kuwa tana jiƙa imalshan ɗin awa da awanni, sikwiji, wato robar da ake jan tawada da ita, yana gurzarsa a kan haka. Discaj, wato tawadar da take cinye rinin riga ta bar nata launin a gurbinsa, ta fi muni, domin ban da ruwa akwai maganin tayarwa na ZFS da ake zuba mata, kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na nauyinta, shi ma yana taɓa imalshan.

A Legas kuma akwai ƙarin matsala guda: laima. Galibin shekara ma'aunin laima yana wajen kashi 80 cikin 100 ko sama da haka, alhali imalshan yana son ya bushe a ƙasa da kashi 40 zuwa 50. Mai shago a Kano ko Zariya yana iya yin sakaci a rani ya sha. A Shomolu, Mushin ko Agege ba a sha.

Mataki na farko: duba fitilarka kafin ka je kasuwa

Imalshan iri uku ne, kuma fitilar da kake da ita ce take fara tankaɗe su.

Akwai na dayazo zalla, dayazo kuwa sinadari ne da yake sa imalshan ya taurare idan haske ya same shi. Yana zuwa da 'yar kwalba daban mai ɗauke da dayazo, kai za ka haɗa. Yana da jinkiri wajen haskawa, amma jinkirin nan alheri ne ga mai fitila mara tabbas, domin ko an ɗan zarce ko an ɗan gaza, ba ya saurin lalacewa. Waɗanda aka yi domin ruwa a wannan layin, irin su Ulano 925WR, Chromaline CP Tex da Murakami SP-1400, sun daɗe a hannun masu buga tawadar ruwa.

Akwai na SBQ, wani sinadarin haske da yake cikin imalshan ɗin tun daga kamfani, don haka yana zuwa a haɗe, buɗewa kawai za ka yi ka shafa. Ya ninka dayazo sauri sau da yawa, yana kuma yin shekara ko fiye a roba bai lalace ba. Sai dai da yawa daga cikinsu domin filastisol aka yi su, ruwa yana narkar da su. Waɗanda aka yi domin ruwa, kamar Saati Textil PHU da Murakami Aquasol HV, su ne kaɗai abin magana a nan. SBQ yana kuma zuƙar laima daga iska fiye da sauran, ragar da ta bushe da safe tana iya yin danƙo da yamma har fim, wato ledar da aka buga zanen da baƙi a kanta, ya manne mata.

Na uku shi ne mai haɗi biyu, wanda yake da sinadarin haske a cikinsa kuma ana ƙara masa dayazo. Ya fi fitar da ƙananan layuka da ɗigo-ɗigon hoto. Wasunsu suna jure ruwa, wasu domin tawadar fetur aka yi su, sai an karanta takarda.

Idan kana da akwatin haskawa na LED mai UV na gaske, wanda haskensa yake tsakanin nanomita 385 zuwa 405, ko fitilar metal halayid, dukkan ukun za su yi maka. Idan dogayen ƙwayayen UV gare ka, ko halojin mai wat 500 irin ta masu gini, ko rana kake amfani da ita, tsaya a kan dayazo. Halojin zafi ya fi yawa a cikinta, UV ɗinta kaɗan ne, kuma gilashin gabanta yana tare wani abu daga kaɗan ɗin. Farar fitilar LED ta haska tsakar gida kuwa kusan ba UV a cikinta, kada ma a ɓata lokaci. Rana tana da ƙarfi sosai, amma a damina girgije yana canza ta cikin minti guda, kuma SBQ a ranar tsaka yana ƙonewa cikin daƙiƙu kaɗan, ba ka da damar gyara.

Wata magana da ya kamata a faɗa ƙarara: haɗin nan mai araha da ake zuba wa ruwan goro-goro na bayikuromet bai dace da wannan aikin ba. Da zarar an haɗa shi ba ya kwana da kyau, raga da aka shafa tana fara taurara da kanta ko a cikin duhu, balle a zafi da laima, sannan sinadarin guba ne mai jawo ciwon daji. Arhar tasa ba ta kai wannan ba.

Mataki na biyu: abin da za ka tambaya a shago

Nemi takardar bayanin kayan, ko ka duba lambar robar a intanet tun kana tsaye a gaban mai kaya. Abu uku ake nema. Na ɗaya, a rubuta ƙarara cewa yana jure tawadar ruwa da discaj. Idan ruwa kaɗai aka ambata, ka ɗauka zai buƙaci maganin ƙarfafawa, wanda ake shafa wa raga bayan an fitar da zane, kafin ya ɗauki discaj. Na biyu, yawan daskararren abin da yake cikinsa, wanda ake rubutawa da kaso. Tsakanin 38 zuwa 45 cikin 100 ya yi daidai. Mai ƙasa da 35 ruwa ya yi masa yawa, yana jinkirin bushewa, yana kuma tsukewa ya bar hujin allura. Na uku, ranar da aka yi shi.

Ranar nan ta fi muhimmanci a kan dayazo, domin zafi yana kashe shi tun yana cikin kwalba. Kayan da ya daɗe a kwantena a Apapa, ya zo ya sake zama a shago mai rufin kwano, yana iya rasa ƙarfinsa ba tare da ya canza kama sosai ba. Garin dayazo da ya dunƙule ya ƙi narkewa, a mayar da shi. Haka kuma imalshan da aka ɗura a robar da ba suna ba lamba, komai rantsuwar mai shago, ba ka san abin da ka saya ba, kuma idan ya yi kyau ma ba ka da hanyar sake samun irinsa.

Sai lissafin girman roba. Kilo ɗaya yana shafa raga mai santimita 50 da 60 kamar 20 zuwa 30, gwargwadon kaurin shafi. Imalshan da aka riga aka zuba wa dayazo yana yin mako 4 zuwa 6 a ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 25, a firji kuma ya kai wata uku. Ɗakin Legas ya fi haka zafi, sai ka rage. Wanda yake shafa raga biyar a mako, ƙaramar roba zai saya, ko ya koma SBQ idan fitilarsa ta yarda. A firji a ƙasa ake ajiyewa, ba a gidan ƙanƙara ba, domin idan ya daskare ya mutu. A rufe shi sosai, nesa da abinci.

Wajen haɗawa, ruwan da aka tace ta hanyar tururi ake zuba wa dayazo. Ruwan rijiyar burtsatse a unguwanni da yawa yana da ƙarfe ko gishiri, kuma dayazo ba ya shiri da ƙarfe. Ruwan da ake ƙara wa batir ya wadatar, muddin ka tabbatar ruwa ne zalla ba mai asid ba. A girgiza har ya narke, a juye a imalshan, a juya da itace ko roba mai tsabta, a bar shi aƙalla awa biyu kumfa ta kwanta. Wanda ya shafa nan take, kumfar ce za ta zama huji gobe.

Mataki na uku: raga da shafi

Tawadar ruwa tana son raga mai lamba 62T zuwa 90T, lambar kuwa yawan zare ne a santimita ɗaya. Farin discaj da manyan rubutu sukan tafi a 62T, zane mai ƙananan layuka a 77T ko 90T. Raga 43T ta filastisol tana ɗaukar imalshan mai kauri, wanda yake da wuyar bushewa da wuyar haskawa har ciki. Raga mai launin rawaya ta fi fara fitar da gefen zane tsaf, amma tana buƙatar ƙarin lokacin haske, sau da yawa rabin na farar a kai.

A wanke raga da sabulun cire maiƙo na masu buga kaya, gaba da baya, a ɗauraye har ruwa ya riƙa gangarowa shimfiɗe ba ya tsinkewa. Sabulun wanka da wasu sabulan kwano suna da mai da turare, suna barin abin da ake son cirewa. Bayan nan kada hannu ya sake taɓa ragar.

A shafa da abin shafi na alminiyam mai siffar indararo, da gefensa mai kauri. Sau ɗaya ko biyu a ɓangaren da yake taɓa riga, sannan sau ɗaya a ɓangaren sikwiji. Kullum a ƙare da ɓangaren sikwiji, domin shi yake tura imalshan ya taru a ɓangaren riga inda ake buƙatarsa. Mutane da yawa idan raga ta saki sai su ƙara kauri, suna ganin kauri ne ƙarfi. A tawadar ruwa akasin haka ne: shafi mai kauri yana riƙe ruwa a cikinsa, haske kuma ba ya ratsa shi. Siriri wanda ya lulluɓe zaren raga gaba da baya, ya bushe ƙayau, ya sha haske har ciki, shi yake kai ƙarshen aiki.

Mataki na huɗu: busarwa

Nan ne mafi yawan ragogin Legas suke mutuwa, tun ba su ga tawada ba. Ruwan da ya rage a cikin imalshan yana hana hasken ɗaure shi. Ko ka ninka lokacin haskawa, imalshan mai ɗanshi ba zai yi ƙarfin busasshe ba. Abin da yake ruɗin mutane shi ne saman yana bushewa da wuri, ka taɓa ka ji garau, cikin kuwa da saura.

A kwantar da ragar a kwance, ɓangaren riga yana kallon ƙasa, a ɗora gefen firam a kan katako don kada ragar ta taɓa komai. Fanka kaɗai ba ta isa ba, domin iska mai laima take kaɗawa, ga ƙura. Abin da yake aiki shi ne ƙaramin ɗaki ko akwatin katako rufaffe, mara haske, da na'urar zuƙe laima a ciki da ƙaramar fanka. Sayi ma'aunin laima na dijital, ba shi da tsada, ka rataye a ciki. Kana neman kashi 40 ko ƙasa, zafi tsakanin digiri 30 zuwa 38. Kada ya wuce 40, domin daga nan dayazo yana fara taurara da kansa, sai zane ya ƙi wankuwa. Wannan ne haɗarin na'urar busar da gashi da ake kangawa kusa da raga. Ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki yana taimakawa, ko da yake ba kasafai yake sauko da laima har inda ake so ba.

A irin wannan akwatin awa ɗaya zuwa biyu ta isa ga shafi siriri. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, kada a buɗe, kuma a sake ƙirga lokaci idan ta dawo. Kada a saka ragar da aka wanke yanzu tana ɗiga a akwati ɗaya da wadda ta bushe tana jiran haske, busasshiyar za ta shanye laimar. A fito da raga a haska ta nan take. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, minti goma sha biyar a sararin shago ya isa ya mayar da aikin baya. A Disamba da Janairu, idan hunturu ya leƙo, abin yana sauƙi, lokacin haskawa ma yana iya ɗan sauka.

Mataki na biyar: gano lokacin haskawa

Haske yana shiga ne ta ɓangaren riga. Ɓangaren sikwiji shi ne na ƙarshe da yake samu, kuma shi ne wanda tawada take zama a kai, sikwiji yana bi. Raga tana iya fitar da zane kyakkyawa alhali cikinta ɗanye ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce 'yar ma'aunin Stouffer, wato siririn fim mai matakai 21 da duhunsu yake ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya. A manna ta a gefen raga, a haska, a wanke. A ƙirga matakan da suka tsaya ba su zube ba. Ana son 7 cikakku, kuma a discaj 8 ya fi kwanciyar hankali idan zanen bai toshe ba. Lissafinta: kowane mataki ɗaya, a ninka lokaci da 1.4, matakai biyu kuma ninki biyu ne. Idan daƙiƙa 60 ta ba ka mataki 5, to daƙiƙa 120 kake buƙata. Idan ta ba ka 6, sai ka koma 84.

Idan babu ita, a raba raga gida biyar da baƙin kwali. A haska gaba ɗaya na ɗan lokaci, a rufe kashi ɗaya, a ƙara, a rufe na biyu, haka har ƙarshe, ana rubuta lokacin kowanne. A zaɓi mafi tsawo wanda ƙananan layuka ba su rufe ba.

Wajen wankewa, a jiƙa gaba da baya, a jira minti ɗaya zuwa biyu, a fesa daga ɓangaren riga. Sannan a shafa yatsa a ɓangaren sikwiji. Santsi ko yauƙi, ko launin imalshan a yatsa, alama ce haske bai isa ba. Wannan ragar ba za ta ɗauki discaj ba ko da wane suna ne a jikin robar.

Sau da yawa laifin fim ne. Idan baƙin fim bai yi duhu sosai ba, haske yana ratsa shi, zane ya ƙi fita, sai mai aiki ya rage lokaci don ya samu ya wanke. Ɗaga fim ɗin ka kalli fitila ta cikin baƙin. Idan kana ganinta sosai, buga biyu ka haɗa su daidai, ko ka gyara saitin firinta. Takardar da ake shafa wa mai don ta yi haske tana tare UV da yawa, lokacinta daban ne da na fim, sai an yi mata nata gwajin. Haka ma wutar janareta: ƙarfin ƙwayaye yana sauka idan wuta ta yi ƙasa, don haka akwatin haskawa yana son sitabilaiza. Ƙwayayen kansu suna raguwa da tsufa, a sake gwaji duk bayan 'yan watanni da duk lokacin da aka buɗe sabuwar roba.

Mataki na shida: bayan wanki

A tsane ruwan da takarda mara rubutu, a busar sarai. Sannan a sake haska ragar ta ɓangaren sikwiji, ninki biyu ko uku na lokacin farko, ko a jingine ta a rana minti goma zuwa sha biyar. A SBQ wannan yana ƙara ƙarfi sosai, domin sinadarin hasken yana manne da jikin imalshan, duk wanda bai ɗauru ba da farko yana nan yana jira. A dayazo zalla amfanin kaɗan ne, dole a samu daidai tun a haskawar farko. Wasu kamfanoni suna ba da damar a ƙara dayazo a SBQ ɗinsu domin ƙarin juriyar ruwa. Yana aiki, amma lokacin haske zai ƙaru, kwanakin robar kuma su koma na dayazo.

Wajen toshe huji da gefuna, ruwan toshi na yau da kullum yana narkewa a ruwa. A yi amfani da imalshan ɗin kansa, a busar, a haska. Salatif a cikin raga tawadar ruwa tana ɗaga shi, sai a nemi mai jure ruwa, a kuma manna wani a ɓangaren riga daidai inda kusurwoyin sikwiji suke bi. A goge kusurwoyin nan da sanfefa su yi zagaye, domin layuka biyun da suke ja su ne wurin da raga take fara tsagewa. Sikwiji mai lambar taurin roba 60 zuwa 70 ya isa, kuma dannawa da ƙarfi fiye da kima cin raga ne kawai.

Maganin ƙarfafawa iri biyu ne. Akwai wanda ake iya wanke raga bayansa, kamar MS Hardener na Murakami, akwai kuma mai kwalba biyu wanda idan an shafa, zanen ya zauna ke nan sai dai a yanke ragar. Ana shafa shi da soso gaba da baya a kan busasshiyar raga, a share wurin zanen don kada ya toshe, a busar da ɗumi ko a rana, da safar hannu. A ganinmu rigunan anko ɗari ko ɗari biyu ba sa buƙatarsa idan an bi matakan baya. Rigunan kamfen ko na makaranta da suka kai dubbai, ko zanen da ake maimaitawa duk wata, nan ne wurinsa. Ba ya gyara ragar da ba ta sha haske ba, yana ɗan jinkirta mutuwarta ne.

Mataki na bakwai: gwada kafin ka karɓi babban aiki

Kafin ka amince da sabon imalshan, yi raga ɗaya ta gwaji. Ɗora jiƙaƙƙen farin ƙyalle a ɓangaren sikwiji minti goma sha biyar, sannan ka goga da ɗan ƙarfi. Kada launi ya fito, kada wurin ya yi fari-fari ko taushi. Idan ya wuce wannan, haɗa discaj kaɗan da maganinsa, a kan sikeli ba da ido ba, ka zuba, ka bar shi rabin awa, ka ja sikwiji sau ɗari a kan tsumma, ka ɗaga ragar ka duba a haske. Idan kana da imalshan biyu da kake shakka a kai, yi musu rana ɗaya, raga iri ɗaya, kowanne da nasa lokacin haske.

Yadda raga ta lalace yana nuna inda matsalar take. Idan cikinta ya yi danƙo yana bin sikwiji, haske ne ko busarwa. Idan imalshan yana ɓarewa fale-fale, maiƙo ne a raga ko kuma bai kama zaren ta ciki ba. Hujin allura tun daga farko ƙura ce, ko kumfa, ko gilashin akwati mai datti, amma wanda yake ɓullowa bayan riga talatin ko hamsin ƙarancin haske ne. Idan zane ya ƙi wankuwa sam, ko zafi ya yi yawa a busarwa, ko haske ya shiga ɗakin, ko imalshan ya tsufa.

Discaj da aka haɗa yana aiki kamar awa 6 zuwa 8, don haka a haɗa na yini kawai. Auduga zalla yake ci, kuma wasu launukan riga kamar shuɗi mai haske, kore shar da shunayya sukan yi gardama, a gwada riga ɗaya tukuna. Yana buƙatar zafin digiri 160 na minti biyu zuwa uku, kuma a lokacin yana fitar da hayaƙin fomaldihaid, wanda bai kamata a shaƙa a rufaffen shago ba. Idan za a tafi salla ko cin abinci, kada a bar tawada ta kwanta a raga: a kwashe, a goge da jiƙaƙƙen tsumma a hankali, a bar ragar ta sha iska.

In an gama aiki, a wanke tawada da ruwa nan da nan, sannan a shafa maganin cire imalshan gaba da baya, a goga, a fesa da ruwa mai ƙarfi cikin minti ɗaya zuwa biyu. Kada a bari maganin ya bushe a kan raga, domin idan ya bushe yana kulle imalshan ɗin har abada. Ragar da ta sha haske sosai ta fi saurin wankuwa a kan wadda ba ta sha ba, saboda ɗanyen imalshan yana haɗuwa da sinadaran tawada ya daskare a zare. Inuwar rawaya da dayazo yake bari a farar raga ba ta hana aiki, sai idan ramukan sun toshe ne ake kai wa ga maganin cire inuwa, shi ma kada ya wuce mintocin da aka rubuta a jikinsa, domin yana cin zaren raga.